Naman da Ba a Kiran Sunansa

Kusan shekara uku ke nan Alhaji Shitu Tankari yana ɗauke da wata magana a bakinsa, ya kasa faɗa wa tsohuwar da ƙofarta ke kallon tasa. Maganar ba ta da tsawo, kuma ba rashin harshe ya hana shi ba, domin tana cikin abubuwan da ya fara haddacewa da ya sauka Guangzhou, tun kafin ya iya tambayar farashin takalma. Maganar ita ce: ba na cin naman alade. Ya faɗa wa masu gidajen abinci, ya faɗa wa masu masana'antun da ke gayyatarsa liyafa, har wata ma'aikaciyar jirgin ƙasa ya taɓa faɗa wa. Mutum ɗaya tak ya kasa, kuma ita kaɗai ce a duk faɗin ƙasar Sin take dafa masa abinci da hannunta.

Sunanta Liyang, amma kowa a benen yana ce mata Ayi, wato gwaggo. Mijinta ya rasu, ɗanta tilo yana aiki a wani gari mai nisa, ba ya zuwa sai da bikin sabuwar shekara. Ita kuwa da bakinta ya kasa kama Shitu, sai ta raɗa masa Lawshi. Ya daɗe yana amsawa kafin a gaya masa cewa a harshensu kalmar tana nufin mutum mai gaskiya, wanda ba ya ha'inci. Tun daga ranar, duk sa'ad da ta kira shi a kan matakala sai ya ji kamar an watsa masa ruwan sanyi a ƙeya.

Asalin abin zazzaɓi ne. A damunarsa ta farko a garin, lokacin da bangon ɗakin hayarsa na unguwar Xiaobei ke tsattsafar da ruwa saboda laima, ya kwanta kwana da kwanaki ba mai leƙo shi. Ayi ce ta lura takalmansa ba su motsa daga bakin ƙofa ba. Ta ƙwanƙwasa, ta shigo da shinkafa da wani kwanon tangaran mai zanen kifi, cike da nama yankan siriri, yana ƙyalli, yana tashin ƙamshin citta. Ya ɗago kai da ƙyar ya tambaye ta ko mene ne.

"Ro," in ji ta.

Ya san ro, nama ke nan. Naman fari ne, mai laushi, sai ya yanke wa kansa hukuncin cewa ɗan maraƙi ne. Ya ci, ya suɗe kwanon, ya ce mata hawci, wato akwai daɗi. Daga baya, idan ya zauna shi kaɗai, yakan yarda a ransa cewa akwai tambaya ta biyu da ta kamata, kuma yunwa ce ta sa ya haɗiye ta.

Da ya warke ya ba Mashud labari. Mashud ɗan Zangon Kumasi ne, shi ke yi masa lodin kaya zuwa Legas, kuma ya riga shi zuwa ƙasar da daɗewa.

"Wane ro, Alhaji? Niyu ro ko yang ro?"

"Ro dai ta ce."

Mashud ya ajiye kofin shayinsa, ya yi dariya har da riƙe ciki, sannan ya ce da Hausarsa ta Zango wadda ba ruwanta da mace ko namiji, "Kai, mutumin Kano! A ƙasan nan sa yana da suna, rago yana da suna, kaza ma yana da suna. Wanda ba a kira sunanshi, shi ne maigida. Tsohuwan nan ya ba ka alade, ka sha romo!"

Alhaji Shitu bai yi dariya ba. Ya tafi tsohon masallacin da ke titin Guangta, ya daɗe a zaune bayan la'asar. Amma ya yi karatu daidai gwargwado, ya san abin da mutum ya ci cikin rashin sani ba a kama shi da shi. Da a nan abin ya tsaya, da tuni ya manta.

Washegari ya tsallaka ƙofarta da niyyar faɗa mata. Ya tarar tana goge hoton mijinta da tsumma. Kafin ya buɗe baki ta riga shi, rabi da kalmomi rabi da hannu, ta nuna masa cewa wannan abincin marigayin ne, kuma daga tsoka ɗaya ake yin sa, doguwar nan da ke kwance a jikin ƙashin baya, wadda ta fi kowace laushi. Tun da ya rasu ba ta ƙara ɗora shi a wuta ba, domin ba mai ci. Da ta ga kwanon ya dawo a suɗe, ta ce, ranar ta yi barcin da ta daɗe ba ta yi ba.

Sai ya kasa faɗa mata. An rene shi a gidan da ba a mayar wa babba hannu, ba a kuma nuna wa mai kyauta cewa kyautarsa ba ta karɓu ba. Ya sake cewa hawci, ya juyo.

Daga nan abin ya zama al'ada. Kowace Lahadi da yamma kwano mai zanen kifi zai iso da zafinsa. Zai karɓa da hannu biyu, ya rufe ƙofa, ya juye naman a tsohuwar jarida, ya ƙulle a leda. Ba ya zubarwa a kwandon sharar benen, domin mai sharar ƙawar Ayi ce. Sai ya ratsa tituna ya kai wata unguwa, yana waige kamar wanda ya ɗauko kayan sata. Ya dawo ya wanke kwanon, ya miƙa mata wayam, ya ce hawci. A shekarar da Turawan Ingila suka mayar da Hong Kong, unguwa ta cika da murna, ta ninka masa naman, shi kuma ya ninka jaridar. Yana sane da cewa laifi ɗayan da yake gudu ya haifar masa da biyu, ƙarya da wulaƙanta abinci. Kowane mako yakan ce Lahadi mai zuwa zai faɗa, kuma kowane makon da ya wuce yana ƙara wa maganar nauyi, domin yanzu ba cewa kawai zai yi ba ya ci ba, sai ya faɗi inda abincinta ke tafiya.

Ana nan sai iyalinsa suka zo. Matarsa Hasiya tana da shagon kayan yara a Kwari, ta gaji da aiken da ba ya zuwa yadda take so, ta ce za ta zo ta zaɓa da idonta. Ta taho da babbar 'yarsu Najiba, wadda ta gama sakandare tana jiran sakamako. Ayi ta yi murna kamar danginta ne suka sauka. Ta kama hannun Hasiya tana shafa lallen, suna ta dariya ba wadda ke jin wata. Duk abin da ke ratsawa tsakaninsu ta bakin Alhaji Shitu yake bi.

Ranar Lahadi ya yi tsammanin kwano zai zo kamar kullum, har ya tanadi abin da zai ce wa Hasiya. Maimakon kwano sai ga Ayi da kanta tun la'asar, baƙin kaskonta mai zurfi a hannu ɗaya, kwando a ɗayan. Ta wuce kai tsaye ɗakin girkinsa tana magana.

"Me ta ce, Alhaji?" in ji Hasiya.

"Ta ce yau gida biyu za su ci a faranti ɗaya." Ya ɗan tsaya. "Ta ce za ta koya miki abincin da na fi so, kada in koma gida in rame."

"Baba, ashe kana da abincin da ka fi so?" in ji Najiba. "Mu a gida ce mana ka yi duk duniya ba kamar tuwon dawa miyar kuka."

"Rabu da shi," in ji Hasiya tana gyara ɗankwali. "Mu muna can muna tausayinsa, ashe ya sami uwa a nan."

A nan ne wurin maganar. Ya gani sarai, kamar yadda mutum ke ganin tasharsa daga cikin mota, ya bar ta ta wuce.

Ɗakin girkin ƙarami ne, mutum uku sun cika shi, don haka ya tsaya a bakin ƙofa yana tafinta. Ayi ta fito da kayan tana jerawa: ɗanyar citta, tafarnuwa, ganyen albasa, sukari, garin sitaci, da kwalbar baƙin ruwan nan mai gishiri da suke yi da waken suya. Daga ƙarshe ta warware wata takarda, ta shimfiɗa tsokar a kan katako. Doguwa ce, siririya a ƙarshe, ba kitse ba ƙashi, launinta tsakanin fari da ja.

Hasiya ta sunkuya ta duba. 'Yar mahauta ce ta wajen uwa, ba ta sayen nama sai ta juya shi.

"Wannan naman fa? Fari haka kamar ƙirjin kaza. Tambaye ta, ɗan maraƙi ne?"

Alhaji Shitu ya juya wajen Ayi, ya tambaye ta da Sinanci ko girkin zai daɗe. Ayi ta girgiza kai tana dariya, ta nuna da yatsu cewa yanzun nan za a gama.

"Ta ce nama ne mai laushi," in ji shi. "Ba ya cin wuta."

Bai dubi Najiba ba.

Ayi ta ɗauki faffaɗar wuƙarta ta nuna yadda ake yi: a gicciye, ba a bin tsawon zaren naman, kowane yanka siriri har haske na ratsa shi. Ta yi kaɗan, ta miƙa wa Hasiya wuƙar. Hasiya ta naɗe hannun riga ta karɓa. Ya tsaya yana kallon yatsun matarsa masu lalle suna danne tsokar, yana fassara mata cewa ta ƙara sirantawa, yana fassara wa Ayi cewa Hasiya ta ce wuƙar tana da kaifi. Kalmomin suna fita daga bakinsa daidai, ba kuskure, sai ka ce wani ne ke magana.

Aka zuba naman a kwano, aka tsiyaya baƙin ruwan, aka barbaɗa sukari da sitaci, Ayi ta cakuɗa da hannu ta ajiye gefe ya tsuma. Ta sa Najiba fere citta da bayan cokali.

"Wannan ai da sauƙi, Umma," in ji Najiba. "Ko ni zan iya. Idan mun koma sai mu riƙa yi wa Baba ranar Juma'a."

"Sai dai in babanki ne zai riƙa aiko mana da naman daga nan. Ban taɓa ganin irinsa a kwata ba."

Ayi ta kunna gas, ta bar kaskon har ya fara hayaƙi, sannan ta zuba mai ta juya shi ya zagaye. Citta da tafarnuwa suka faɗa da ƙara. Ta juye naman, ta baza shi, ta bar shi ya kama, ta shiga juyawa da sauri tana ɗaga kaskon da hannu ɗaya duk da tsufanta. Ƙamshin ya cika ɗakin. Ƙamshin da ya sani ne, wanda yake ratsa jarida da leda ya bi shi har wata unguwa. Abin da ya fi ba shi kunya shi ne, har yanzu idan ya shaƙa sai yawunsa ya tsinke.

Ta watsa ganyen albasa, ta rage wuta. Sai ta ɗauki tsinkayenta biyu na cin abinci, ta tsamo yanka ɗaya, ta hura, ta tara tafin hannu a ƙarƙashi, ta miƙa wajen bakin Hasiya don ta ji gishiri.

Hasiya ta matso da kai, ta ce, "Bismillahi."

"Dakata!"

Muryar ta fita da ƙarfin da bai yi niyya ba. Duk su ukun suka juyo. Naman yana nan a tsakanin tsinkaye, miya na ɗiga a tafin Ayi.

"Kada ki ci, Hasiya. Alade ne."

Kaskon na ta ƙara a hankali. Najiba ta saki cokalin da ke hannunta. Hasiya ta ja da baya, ta dubi yatsunta, ta je famfo ta wanke su da sabulu, ta sake wankewa. Ba ta ɗaga murya ba, kuma da ta ɗaga da ya fi masa sauƙi.

"Tun yaushe kake ci?"

"Sau ɗaya na ci, ban sani ba. Wallahi sau ɗaya."

"Ta ce abincin da ka fi so ne."

"Kowane mako take kawowa."

"Kana yin yaya da shi?"

Ya dubi ƙasa. "Ina zubarwa."

Hasiya ta rufe famfon. Ta daɗe tana kallonsa, sannan ta dubi tsohuwar, wadda ke tsaye tana bin fuskokinsu ɗaya bayan ɗaya, murmushinta bai gama gushewa ba.

"Alhaji, ka san abin da ake nufi da mace ta tsaya a gaban wuta? Ta je kasuwa da ƙafafun nan nata, ta zaɓa, ta yanka, ta soya, ta hau ta sauka, kai kuma ka kai shara? Shekara nawa?" Ta girgiza kai. "Ni da ka bari na taɓa, wannan tsakaninmu ne, za mu yi maganarsa. Amma ita, faɗa mata. Yanzu, a gabana. Kuma kada ka sauya mini magana kamar ɗazu, na ga bakinka."

Ya juya wajen Ayi. Jimlar da ta daɗe a bakinsa ta fito cikin numfashi ɗaya, har ya yi mamakin ƙanƙantarta. Ya ce shi Musulmi ne, ba ya cin ju ro, wato naman alade. Ya kira naman da cikakken sunansa.

Ayi ta dubi abin da ke tsakanin tsinkayenta. Ta tambaye shi ko ba daɗi ne.

Ya ce akwai daɗi. Ya ce ya sani, domin ya ci ranar da ba shi da lafiya, kuma daga ranar bai ƙara ba.

Ta tambayi sauran Lahadin.

Sinancinsa na kasuwa ne, ba shi da kalmomin da ake lulluɓe magana da su. Kalmar shara kawai ya sani, ita ya faɗa.

Tsohuwar ta mayar da yankan cikin kasko. Ta kashe gas. Ta goge wuƙarta, ta naɗe ta a takarda, ta mayar da kwalbar da sauran citta cikin kwando, kowanne a inda ya fito. Ta naɗa tsumma a mariƙin kaskon ta ɗauka da abin da ke ciki. Ya matsa ya ba ta hanya. A bakin ƙofa ta ɗan rusuna wa Hasiya, ta shafa kafaɗar Najiba, shi kuwa ba ta kira shi da kowane suna ba. Suka ji ƙofarta ta rufu.

Suka yi sallar magariba. Najiba ta dafa shinkafa, aka ci da mai da yaji. Alhaji Shitu ya kasa haɗa ido da 'yarsa, wadda tun tana ƙarama yake yi wa faɗa a kan ƙarya.

Hasiya na kwashe kwanuka sai ta ci karo da kwano mai zanen kifi a kan kanta. Ayi ta zo da shi don zuba abincin, ta manta.

"Wannan ne kwanon?"

"Shi ne."

"Da me kake mayar mata da shi?"

Bai gane tambayar ba da farko. "Ina wankewa tas."

"Wayam?" Hasiya ta riƙe haɓa. "Shekara uku kwanon maƙwabciya na shigowa ɗakinka cike yana fita wayam? Ko ƙwayar dabino? A gidanku haka aka yi maka tarbiyya? Hajiya Barira da tana raye da ta ce ba ita ta haife ka ba."

Ya tuna mahaifiyarsa, yadda ko kwanon koko aka aiko mata sai ta jefa wani abu a ciki kafin ya koma, ko da ƙullin daddawa ne. Duk tsawon shekarun nan hankalinsa na kan abin da zai fitar daga kwanon, bai taɓa tunanin abin da zai saka ba.

Hasiya ta buɗe jakarta ta fito da gwangwanin dambun naman da ta yi masa tsaraba daga Kano, wanda yake ta tattali yana ci kaɗan-kaɗan. Ta dire shi a gabansa tare da cokali.

"Ni ba zan zuba ba, ba kuma zan kai ba."

Ya wanke hannu, ya zuba da kansa. Ya cika kwanon har ya yi tozo, ya danna, ya ƙara. Ya ɗauka da hannu biyu, ya fita ba takalmi, ya tsaya a gaban ƙofar da ke kallon tasa. Ƙamshin citta na fitowa ta ƙarƙashinta. Ya ƙwanƙwasa.

Ta daɗe ba ta buɗe ba. Da ta buɗe, iyakar faɗin fuskarta ta buɗe. Ta bayan kafaɗarta ya hango kaskon a kan tebur a gaban hoton mijinta, ba a taɓa ba. Ta dubi kwanon, ta dubi abin da ke cikinsa, wani abu ja-ja mai kama da auduga da ba ta taɓa gani ba. Ta tambaye shi wane ro ne.

"Niyu ro," in ji Alhaji Shitu. "Naman sa ne, Ayi. Matata ce ta yi da hannunta."

Ya miƙa mata kwanon.